Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Dandali: Yadda Sabuwar Sofurano Ke Hawa a Ofera

Jama'a, ku tuno zabiya a gidan biki a Katsina. Kalangu na tashi, mata na guɗa, amma muryarta na ratsawa har zaure. To a ɗauki mace guda a tsayar da ita a ɗakin da ke cin mutum 2,000 ko 3,000, a jera makaɗa 60 zuwa 80 a gabanta, masu goge da masu busa da masu ganga, a ce na kujerar ƙarshe ya ji ta, kuma babu makirufo. Aikin sofurano ke nan, mace mai murya mafi tsini a ofera, wasan kwaikwayon da ake rerawa, wanda ya tsiro a Italiya wajen shekarar 1600.

Ba ihu take yi ba. Tantani biyu ne a maƙogwaro, iska daga huhu ke kaɗa su. Idan ta kai ƙololuwar muryarta, suna buɗewa su rufe fiye da sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Dabarar ita ce ta bar haƙarƙari a buɗe, ta riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan, ta ƙara sauke muƙamuƙi duk sa'ad da ta hau sama. Koyon wannan kan ci shekara 4 a makaranta, galibi a ƙara 2. A Najeriya akwai makarantar MUSON ta Legas. Sai harsuna: Italiyanci, Jamusanci, Faransanci. Ko ba ta iya hira da su ba, dole ta san ma'anar kowace kalma da lafazinta.

Daga nan sai gwaji. Takan riƙe waƙa 5 a ka, ta zaɓi ta farko, alƙalai su zaɓi ta biyu, cikin minti 10 an sallame ta. Akwai kuma gasa, irin Operalia da mawaƙin ofera Plácido Domingo ya kafa a 1993, da ta birnin Cardiff na Birtaniya da aka fara a 1983. Yawancinsu da iyakar shekaru, mutum na haura 30 ƙofa ta fara rufewa.

Wadda ta dace, babban gidan ofera ya ɗauke ta almajirci na shekara 2 ko 3. Tana fitowa a ƙananan matsayi, tana kuma zaman ko-ta-kwana: ta haddace matsayin babbar tauraruwa kaf, ta san inda za ta tsaya da inda za ta durƙusa, wataƙila har a gama wasa ba a neme ta ba. Amma wani lokaci ta irin wannan ƙofa ake shiga. Pretty Yende 'yar Afirka ta Kudu, wadda ta yi karatu a makarantar La Scala ta Milan, ta ci Operalia a 2011. A Janairun 2013 aka kira ta cikin ƙurarren lokaci ta maye gurbin wata a gidan Metropolitan na New York. Daren farko ta yi tuntuɓe ta faɗi, ta miƙe ta rera abinta. A 2023 ita ta yi waƙa a naɗin Sarki Charles na Ingila.

Inda aka fi karyewa shi ne zaɓen matsayi. Muryoyin sofurano ba nauyi ɗaya ba ne. Ta budurwa 'yar shekara 25 ta fi dacewa da fitowa a matsayin Susanna ko Pamina, 'yan mata a wasannin mai tsara ofera Mozart, inda kiɗa ke da sauƙi. Matsayin Aida a wasan Verdi ko Isolde a wasan Wagner kuwa kaya ne na muryar da ta nuna. Idan aka yi mata tayi mai maiƙo ta karɓa da wuri, sai ta riƙa tura iska da ƙarfi don ta rinjayi makaɗa. Murya ta soma rawa, saman ya dushe, tantanin ya yi kanta kamar hannun mai daka. Maganinsa hutun murya da sabon horo, wani lokaci har tiyata.

Kuɗin ma da saura. Mai zaman kanta a kan biya ta ne bisa daren da ta fito. An yi mako 4 zuwa 6 ana atisaye, mura ta kama ta ranar wasa, kuɗin wannan dare ya tafi, ga hayar masauki, ga kason wakili. Shi ya sa da yawa ke nufar Jamus, inda gidajen ofera kusan 80 ke ɗaukar mawaƙa a kan albashin wata.

Mutumin Daura ya san abin da hunturu ke yi wa maƙogwaro, iskar cikin jirgi ma haka take busar da shi. Cin yaji da dare a kwanta yana kawo ƙwannafi, ruwan ciki ya taso ya ƙona tantanin. Yawan gyaran murya buga su yake yi da juna, raɗa ma gajiyar da su take. Zuma da citta suna sanyaya wuya, amma abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin. Abin da ke isa can shi ne tururin sirace, da ruwan da aka sha tun sa'o'i kafin a hau dandali.