Raƙuman Dawan Dabous

Matafiyin da ya bar Agadas ya nufi Arlit, idan ya ci kimanin kilomita 110, zai iske wani tudun dutse a yammacin tsaunukan Azbin, wanda ake kira Dabous. Daga ƙasa ba a ganin komai, sai mutum ya hau kan falalen kafin ya yi arba da raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutsen. Babban cikinsu ya kai tsawon mita 5.4, wato kusan girman dabbar a raye, kuma masana sun ƙiyasta cewa aikin ya yi shekara 6,000 zuwa 8,000.

A wancan zamani babu ƙarfe a hannun mutanen wurin, don haka da dutse mai tauri suka riƙa sarar wannan dutse mai taushi, suna kankarewa suna gogewa, har suka fitar da roɗi-roɗin fatar ɗaya bayan ɗaya. Haka suka fitar da ido da hanci da kofato. A ganina, wanda ya yi wannan aiki ya daɗe yana zaune kusa da raƙumin dawa yana kallonsa, domin hannu ba ya ƙware haka a kan abin da aka ji labarinsa kawai. Wannan kuwa shaida ce cewa inda yau sai rairayi da zafin rana, a da akwai ruwa da ciyawa da dogayen itatuwa masu isar irin wannan dabba.

Daga bakin kowane raƙumin dawa akwai wani layi da ya gangaro zuwa ga siffar ɗan ƙaramin mutum. Wasu na ganin igiya ce ta farauta ko ta kiwo, wasu kuma na ɗaukarsa alamar wata dangantaka ta addini.

Buzayen yankin sun san wurin tun da daɗewa, amma a 1987 ne Bafaranshe Christian Dupuy ya rubuta bayaninsa, kuma an ƙirga zane sama da 800 a kewayen. A 1999 aka ɗauki siffar sassaƙen, daga baya aka zuba ta da alminiyon, aka kafa a filin jirgin saman Agadas.

Masu rai kuwa sun ƙaura kudu. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kouré kusa da Yamai, amma da aka tsaya wajen kare su, yanzu sun haura 600.