Abin da Ke Jiran Yarinya Bayan Ta Dawo Gida

HAJIYA RABI: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Gombe. Yau ina tare da Malam Sale da Barista Hauwa, kuma za mu tattauna ne kan yarinyar da aka yi wa fyaɗe ko aka yi safararta, musamman irin tarbar da take samu a gidansu. Barista, bismillah.

BARISTA HAUWA: Na gode, Hajiya. Doka dai akwai ta, domin tun 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin jama'a da ake kira VAPP, Bauchi ta karɓe ta a 2020, a nan Gombe kuma Gwamna Inuwa Yahaya ya sa mata hannu a Disamba 2022 tare da dokar kare yara. Abin da ke damuna shi ne maganganu da dama ba sa kaiwa gaban alƙali, a zaure ake kashe su.

MALAM SALE: Haka ne, Barista. Dattawa sukan taru wurin mai unguwa, dangin wanda ya yi laifin su kawo kuɗin magani, a ce a rufa asiri kada yarinya ta rasa mijin aure. Ba na zargin niyyar dattawan nan, kuma sulhu alheri ne a rikicin gado ko iyakar gona. Amma fyaɗe laifi ne babba a shari'a da dokar ƙasa, kuma wanda aka sallama da kuɗin magani zai koma unguwar nan ce da sauran yara ke yawon talla.

HAJIYA RABI: Ni abin da ya fi tayar mini da hankali, Malam, shi ne lokacin da wannan zama ke cinyewa. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau, wanda dole a fara sha cikin sa'o'i 72 sannan a ci gaba har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Sai a shafe waɗannan kwanaki uku ana jiran kawu ya iso daga Kumo ko Bajoga kafin a yanke shawara. Iyaye mata, don Allah a fara kai ta asibiti, ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko mafi kusa da ku, shawara ta biyo baya.

BARISTA HAUWA: Kuma in da hali, kada a yi mata wanka ko a wanke tufafinta kafin likita ya duba ta, domin rahotonsa babbar hujja ce a kotu. Ko an riga an yi wankan ma, a je.

MALAM SALE: Waɗanda aka yi safararsu fa? Mutane da yawa sun ɗauka wannan matsalar kudu ce.

BARISTA HAUWA: Ai kuwa tana cikinmu, sai dai mun saba da ita har ba ma ganinta. Dillaliya ta ɗauko 'yar shekara goma daga ƙauye zuwa aikatau a birni, albashin a hannun wani, yarinya ba makaranta, ba hanyar komawa. Manya kuma a yi musu alkawarin aiki a Saudiyya, ko a bi da su ta Agadez zuwa Libiya, da isarsu a karɓe fasfo a ɗora musu bashin da ba ya ƙarewa. Don irin wannan aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003, kuma a wurinta wadda aka yi safara abar taimako ce, ba mai laifi ba.

HAJIYA RABI: Amma idan ta dawo, sau da yawa tambayar farko ita ce, "Me kika zo da shi?" Wataƙila gona aka jinginar ko awaki aka sayar don tafiyarta, ga gorin maƙwabta, ga bashi. Wannan kunyar ce ke sa wasu sake komawa hannun dillalan da suka cuce su.

MALAM SALE: Shi ya sa ba na gamsuwa da tallafin da ke ƙarewa a ranar biki. A miƙa keken ɗinki, a ɗauki hoto a sa a Facebook, duk gari ya san fuskarta da labarinta, alhali ba jari, ba kuɗin shago, ba mai waiwayarta bayan wata uku. Ƙarshenta keken a kasuwa zai kwana.

HAJIYA RABI: Ba a ma tambayarta abin da take so. Wata makaranta take son komawa, wata kiwo ta iya, wata kuma ba za ta iya komai ba sai ta samu wadda za ta saurare ta ba tare da cewa "me ya kai ki" ba. Ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN suna da shiga gidaje, kuma a sa ta cikin adashin matan unguwa ma babban abu ne.

BARISTA HAUWA: Wanda kuma kuɗin lauya ke tsorata shi ya nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, domin sukan tsaya wa irin waɗannan shari'o'i kyauta. Dokar VAPP ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya diyya bayan ɗauri, don haka iyaye su nemi lauya ya gabatar da wannan buƙata tun a farkon shari'a.

HAJIYA RABI: Mun gode, Barista, mun gode, Malam. Masu sauraro, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.