Kuɗin Sauyin Yanayi: Wa Ke Haɗa Kan Masu Taimako?

Assalamu alaikum, masu kallo.

Duk wanda ke noma tsakanin Daura, Mai'aduwa da Jibiya ya san damina ta canza hali. Ruwa ya sauka, a yi shuka, sai ya ɗauke har gero ya ƙone tun yana tsiro, a koma kasuwa neman iri. Wata shekarar kuma ya zubo gaba ɗaya cikin dare, kamar yadda aka gani a Jibiya a watan Yulin 2018, inda ambaliya ta ci rayuka fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje.

A tarukan duniya kan sauyin yanayi magana biyu ake yi. Ta farko, a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ta biyu, a shirya wa jama'a yadda za su rayu da canjin da ya riga ya zo. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, don haka ta biyun ce ta fi shafar mu.

A shekarar 2010, a birnin Kankun na ƙasar Meziko, ƙasashen duniya suka amince kowace ƙasa mai tasowa ta rubuta nata tsarin jure wa sauyin yanayi, wanda ake kira NAP a taƙaice. A cikinsa ƙasa za ta faɗi inda fari ko ambaliya suka fi yi mata barazana, abin da za ta fara gyarawa, nawa zai ci, kuma wace ma'aikata ce za ta riƙe aikin. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta ƙara jaddada hakan, kuma a shekarar ce Burkina Faso ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka miƙa nasu.

To, me ya sa sai an rubuta? Saboda masu taimakon suna da yawa, kuma kowa da ƙofarsa. Akwai Bankin Duniya, akwai Bankin Raya Afirka, akwai Tarayyar Turai, ga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su FAO da UNDP, ga kuma babban asusun sauyin yanayi na GCF da ke Koriya ta Kudu. Kowanne da irin takardun da yake so a cike, da lokacin da yake sakin kuɗi, da yadda yake so a kawo masa rahoto. Ma'aikaci ɗaya a ma'aikatar muhalli sai ya ƙare shekara yana amsa tambaya iri guda ga ofisoshi daban-daban. A ƙasa kuwa, sai ka ga ƙauye ɗaya ya sami rijiyar burtsatse biyu daga ƙungiyoyi biyu da ba su san da juna ba, na kusa da shi mata na tafiyar awa kafin su sami ruwa.

Abin kamar gayya ne. Ko mutum hamsin suka zo da fartanya, in mai gona bai tsaya ya nuna inda za a faro ba, wata kunyar za a nome ta sau biyu, wata a bar ta da ciyawa. Tsarin nan shi ne ƙasa ta tsaya a matsayin mai gona. Shi ya sa GCF ya ware har dala miliyan 3 ga kowace ƙasa don aikin tsarawa kaɗai.

A Najeriya an fitar da jadawalin yadda za a tsara wannan aiki a 2020. A watan Nuwamban 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa da aka ɗora wa haɗa kan ma'aikatu. Bayan wata ɗaya Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar noma da kula da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Katsina na ciki. Tana kuma cikin jihohi 11 na shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A nan sai a lura: kuɗin ACReSAL bashi ne. Mai sauƙi ne, amma bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sa ido a kan inda kowace naira ta shiga.

Kuɗin ma ba su kai ba. Alkawarin dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa masu tasowa a birnin Kofanhegan a 2009, wanda ya kamata a cika a 2020, sai a 2022 aka ce an cika shi, kuma mafi yawansa ya tafi wajen rage hayaƙi. A 2023 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ƙasashe masu tasowa na buƙatar dala biliyan 215 zuwa 387 a shekara don jure wa sauyin yanayi. Abin da suka samu daga waje a 2022 biliyan 28 ne.

Idan kuɗi kaɗan ne, dole a zaɓi abin da ke aiki, kuma a nan ne nake ganin tsarin da aka rubuta a otal a Abuja ba zai wadatar ba. Ku leƙa Maraɗi, nan bayan Jibiya. Tun shekarun 1980 manoma a can suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sai su zaɓi reshe mai ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran, saiwar da ke ƙasa ta ɗaga shi. Da wannan sassaben zamani itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa ta fi ƙarfi, da rani kuma dabbobi su sami abin ci. Manominmu na Daura ya san wannan tun kaka da kakanni. Abin da yake nema shi ne tabbacin itacen da ya yi renonsa nasa ne, da iri mai saurin nuna a kan kari, da hasashen damina na hukumar NiMet ya iso masa da Hausa ta rediyo ko ta bakin malamin gona kafin ya zuba iri.

Saboda haka haɗa kan masu taimako bai kamata ya tsaya a Abuja ba. Ya sauko jiha, ya sauko ƙaramar hukuma, har zauren hakimi da dagaci, a ji daga mata masu ɗibar ruwa da makiyayan da burtalinsu ya toshe. Muna da madatsun ruwa a Zobe, Jibiya da Sabke. Kafin wani ya zo da kuɗin sabon gini, a fara tambaya ko gyaran hanyoyin ban ruwa na waɗannan yana cikin tsari.

Ranar da motar wani shiri ta tsaya a garinku, ku tarbe su da mutunci, sannan ku tambaya: kyauta ce ko bashi? Sun san abin da na bara suka yi a nan? Kuma idan wa'adinsu ya ƙare suka tafi, famfon ya lalace, a kasafin kuɗin wa aka rubuta gyaransa?