Shirin kiwon aksolotul: ruwan ake fara raino

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau babu yawo, a ɗaki muke. Bari in juya muku kyamara. Kun ga wannan tankin gilashin da ke kusurwa? Ga ruwa cike, ga rairayi shimfiɗe a ƙasa, ga tukwane biyu a kwance, famfon iska yana ta hura kumfa, amma babu mai rai ko ɗaya da ido zai gani a ciki. Haka kuma zai zauna har nan da wasu makonni, don aksolotul nake shirin kiwo, shi kuwa ba a yi masa gaggawa.

Ga wanda bai san shi ba, dabba ce ta ruwa, dangin su kwaɗo. Siffarsa kamar ƙadangare, kansa faffaɗa, bakinsa kullum kamar yana murmushi, sannan ga wasu rassa uku-uku masu gashi a kowane gefen kansa, da su yake numfashi. 'Yan uwansa sukan fara rayuwa a ruwa yadda talibambam ke yi, in sun girma su zubar da rassan su hau tudu. Shi kuwa ya ƙi. Yana balaga, yana haihuwa, yana tsufa da surar yarintarsa, a cikin ruwa. In ƙafarsa ta yanke wata ce ke tsirowa, da ƙashinta da jijiyoyinta, shi ya sa masana suka daɗe suna bincike a kansa. Tun 1864 aka kai wasu birnin Faris daga Meziko, kuma da yawa daga cikin na kiwo a yau jikokin waɗancan ne.

Asalinsa tafkunan birnin Meziko, yanzu kuma magudanan ruwan Sochimilko, wani yanki a kudancin birnin, kaɗai suka rage masa. A can yana dab da ƙarewa: ruwan ya gurɓata, birni ya cinye tafkin, ga karfasa da wasu kifaye da aka zuba suna cinye ƙwai da 'ya'yansa. Ƙidayar da masana suka yi a 1998 ta samu kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita, ta 2014 kuwa ba su kai 40 ba. Abin mamaki, a gidajen mutane sun yi yawa, musamman tun 2021 da wasan kwamfuta na Minecraft ya sa shi a ciki, yara suka tasa iyayensu gaba sai an saya musu. Ni a ganina nan ne matsalar take. Ana sayensa yadda ake sayen abin wasa, alhali dabba ce da za ta iya shekara 10 zuwa 15 a hannunka.

To, mu dawo kan tanki. Babba yakan kai tsawon santimita 25 ko ya ɗan wuce, kuma a ƙasa yake zama yana takawa, ba mai yawo a saman ruwa ba ne. Saboda haka faɗin ƙasan tankin ya fi tsayinsa amfani. Mafi ƙanƙanta da masu kiwo ke yarda da shi ga guda ɗaya shi ne wajen lita 75, da yawa kuma suna cewa a kai 110. Na bi na biyun, don aksolotul akwai kashi, kuma ruwa mai yawa ya fi jinkirin ɓaci.

Kashin nan shi ne dalilin da tankin yake zaune ba kowa. Kashi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama sinadarin ammoniya, wanda guba ne, yana ƙona fata da rassan numfashi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cin ammoniyar su mayar da ita naitirayit, shi ma guba ne. Sai wasu kuma su ci naitirayit ɗin su mayar da shi naitiret, wanda ke da sauƙi-sauƙi, ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin, sai ka raine su da kanka. Kana ɗiga ammoniya ta kwalba a ruwan, kana ciyar da halittun da ba ka gani, su kuma suna yaɗuwa a cikin soson matatar da ke tace ruwan tankin. Abin yakan ɗauki mako 4 zuwa 8, ya danganta. A ruwan sanyi ma ya fi nawa.

Ku matso in nuna muku yadda nake aunawa. Ga 'yan kwalaben gwaji, kowacce ana ɗibar ruwan tanki har daidai wannan layin, mililita 5. In ɗiga maganin, in rufe, in girgiza, a jira minti biyar. Yauwa. Wannan ta ammoniya ce, kun ga ta yi kore-kore, a irin wannan ma'aunin sai ta koma rawaya tsantsa sannan ake cewa sifili. Ta biyun ita ce ta naitirayit, dubi yadda ta yi shanshanbale jawur. Mummunan launi ne in da dabba a ciki, amma a wannan mataki albishir ne, alamar rukunin farko na ƙwayoyin sun kama aiki. Abin da nake jira shi ne ranar da zan zuba ammoniya da dare, washegari in auna in ga ita da naitirayit duk sifili, naitiret kaɗai ya hau. Ranar ce tanki ya nuna. Kuma ko bayan nan, soson ba a wanke shi da ruwan famfo, don kulorin da ke ciki zai kashe abin da ka yi makonni kana raino. A ruwan tankin da ka kwashe ake ɗauraye shi. Sabon ruwan da za a ƙara ma sai an sa masa maganin cire kulorin.

Sai batun sanyi, wanda shi ne ya fi ba ni aiki. Aksolotul yana son ruwa tsakanin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos. Ya wuce 20 ya fara takura, in ya daɗe a 24 kuwa sai ƙin cin abinci, sai farin gansakuka mai kama da auduga ya fito masa a rassa, daga nan sai abin da hali ya yi. Za ku ce ai ƙasar sanyi nake, mene ne abin damuwa? Hmm. Sanyin a waje yake. Da hunturu hita ke aiki a cikin gida dare da rana, da bazara kuma gidajen nan riƙe zafi suke yi. Shi ya sa na ajiye tankin nesa da taga, nesa da hita, ga ma'aunin zafi a manne ina lura da shi tun yanzu da ba kowa a ciki, in san halin ɗakin. Wannan 'yar fankar da ke kaɗa saman ruwan tana sauke digiri biyu ko uku. Wasu na jefa gorar ƙanƙara, amma wannan dabarar kar-ta-kwana ce, ruwan sai ya riƙa hawa yana sauka, shi kuma ba ya son haka. Wanda ɗakinsa ke zafi sosai, gaskiya ya tanadi na'urar sanyaya ruwa, ko ya haƙura da kiwon.

Tsakuwa kuwa kar a soma. Aksolotul ba tauna yake ba, buɗe baki yake ya zuƙe abinci da duk abin da ke kusa. In ya haɗiyi tsakuwa tana iya toshe masa hanji. Ko dai rairayi mai laushi sosai, ko a bar gilashin haka nan, musamman ga ƙanana waɗanda ba su kai santimita 15 ba. Duk dutsen da za ka sa don ado, ya fi kansa girma.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Ba shi da fatar ido, haske mai ƙarfi yana damunsa, tukwanen nan maɓoyarsa ce. Ba ya son ruwa mai gudu, shi ya sa na zaɓi matatar soso. Abincinsa mafi kyau tana ce, babba sau biyu ko uku a mako ya wadatar, ƙarami kuma kullum. Kifi ba ya zama da shi, ko su tsattsage masa rassa ko shi ya haɗiye su. Ƙanana ma in an haɗa su sukan ciji ƙafafun juna. Kuma ba dabbar ɗauka a hannu ba ce, fatarsa sirara ce mai yauƙi, da ido ake more shi. Wanda ke neman abin shafawa ya nemi mage.

Kafin ka kashe ko sisi, duba dokar inda kake zaune. A Amurka, alal misali, jihohin Kalifoniya da Niyu Jazi sun hana ajiye shi, wasu kuma sai da takardar izini. Ka kuma bincika ko akwai likitan dabbobi kusa da kai da ya san irin waɗannan halittu, don ba kowanne ne ke duba su ba.

In lokacin saye ya yi, wurin mai kiwo zan je in gani da idona. Zan duba rassan, su kasance cike da gashi, ba a tanƙware gaba ba. Ciki ya kai faɗin kai, ƙarshen wutsiya a miƙe, fata babu tabo. Zan kuma tambaye shi abin da yake ba su da zafin ruwansa, in ya fara kame-kame in yi gaba. Launi kam ban yanke ba tukuna, ko farin nan mai baƙin ido da jajayen rassa, ko baƙi-baƙi mai ɗigo irin na Sochimilko. Zuciyata ta fi karkata ga baƙin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sake auna ruwan tare. Sai mun haɗu.