Yadda Jihohin Amurka Suke Tsara Ilimin Kimiyya, Fasaha, Injiniyanci da Lissafi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci. An nemi in yi bayani a kan yadda jihohin Amurka suke tsara wa kansu shirin koyar da kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, wato fannoni huɗun da ake taƙaitawa da STEM.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ragamar ilimi a Amurka tana hannun jihohi, domin kundin tsarin mulkin ƙasar bai ba gwamnatin tarayya wannan hurumi ba. A yawancin shekaru, kuɗin da tarayya take zubawa a makarantun firamare da sakandare na gwamnati yana kusa da kashi 10 cikin 100 ne kawai, sauran kuwa daga asusun jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye. Akwai gundumomin makarantu wajen 13,000, kowace da hukumarta. Saboda haka duk yunƙurin da tarayya ta yi, tun daga dokar ilimi ta 1958 wadda ta biyo bayan harba tauraron Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta yi a 1957, har zuwa shirin shekara biyar da aka fitar a Disambar 2018, a ƙarshe jiha ce take yanke abin da yaro zai tarar a cikin aji.

Galibi daga manhaja ake farawa. A watan Afrilun 2013 aka fitar da sababbin ma'aunan koyar da kimiyya da ake kira NGSS, waɗanda jihohi 26 suka jagoranci rubutawa. Jihohi 20 da babban birnin ƙasar sun ɗauke su, wasu da dama sun rubuta nasu a kan tushe iri ɗaya, Texas kuwa ta ci gaba da nata. Sabon abin da ke ciki shi ne an shigar da injiniyanci cikin darasin kimiyya tun daga ƙananan azuzuwa, kuma an buƙaci ɗalibi ya yi tambaya, ya shirya gwaji, ya kare sakamakonsa da hujja, maimakon ya tsaya ga hadda.

To amma a ganina rubuta manhaja shi ne mafi sauƙin aikin, kuma shirin jiha da ya tsaya a nan bai yi nisa ba. Inda gizo yake saƙar shi ne wajen malamai. Wanda ya yi digiri a lissafi ko ilimin kwamfuta yana da kamfanoni masu biyan albashi mai tsoka da suke nemansa, don haka makarantar karkara ko ta unguwar marasa galihu ita ce ta ƙarshe da za ta same shi. Jihar Arkansas ta ba da misali mai kyau. A 2015, zamanin Gwamna Asa Hutchinson, ta kafa doka cewa kowace babbar sakandare ta gwamnati ta riƙa koyar da ilimin kwamfuta, kuma ba ta bar dokar haka ba, sai da ta ware kuɗin horar da malaman da ke bakin aiki domin su sami shaidar koyar da darasin. Jami'ar Texas da ke Austin ta bi wata hanyar tun 1997 da shirinta na UTeach, inda ɗaliban kimiyya da lissafi suke samun shaidar malanta tare da digirinsu, kuma jami'o'i da yawa sun kwaikwayi tsarin.

Abu na biyu da masu tsara shiri sukan yi wa riƙon sakainar kashi shi ne jarrabawa. Dokar tarayya ta 2015, kamar wadda ta gabace ta, ta wajabta a jarraba yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, da sau ɗaya a babbar sakandare, amma kimiyya sau uku kacal a tsawon karatun yaro. Shugaban makaranta ya san da abin da za a auna shi, saboda haka idan lokaci ya ƙure, darasin kimiyya ake fara ragewa a firamare. Jihar da take son a koyar da gwaji da bincike, alhali jarrabawarta ta zaɓen amsa ce tsantsa, ita da kanta take warware abin da ta ƙulla.

Sai kuma batun isar da shirin ko'ina. Iowa ta kafa majalisar ba gwamna shawara a kan wannan fanni a 2011, ta raba jihar shiyya shida, kowace da cibiya a wata jami'a ko kwaleji, domin makarantar da ke nesa da birni ta sami kayan aiki da horo ba tare da ta dogara ga arzikin gundumarta ba. An kuma zaunar da masu masana'antu a majalisar, wanda yana da amfani, muddin ba a mayar da makaranta wurin horar da ma'aikatan kamfani ɗaya ba.

Ya kamata a lura cewa irin waɗannan majalisu sau da yawa da umarnin gwamna ake kafa su, kamar yadda aka yi a Iowa da kuma Massachusetts a 2009, kuma abin da gwamna ya kafa da alƙalaminsa magajinsa yana iya sokewa. Yaron da ya shiga ajin share fage yana buƙatar shekara 13 kafin ya gama sakandare, wa'adin gwamna kuwa shekara huɗu ne a kusan dukkan jihohin. Shi ya sa nake ba masu nazarin irin wannan shiri shawarar su duba ko majalisar dokoki ta mayar da shi doka, kuma ko yana da kasonsa a kasafin kuɗin jiha.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a karɓi tambayoyi.