Neman Malamin Lesin na Darasin Siyasa a New York

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Daga unguwar Bronx nake magana, a birnin New York. Yau maganar iyaye ce, musamman waɗanda 'ya'yansu suka kai aji 11 ko 12 a sakandaren Amurka, aka ce musu yaro na buƙatar malamin lesin a darasin siyasa. Na yi wannan nema saboda babbar 'yata, kuma abin da idona ya gani ya isa in zauna in ba ku labari.

Ku fara riƙe wannan, don a nan kuɗin iyaye da yawa ke zubewa. A sakandaren nan akwai darussan da ake kira AP, wata hukuma mai suna College Board ce ke tsara su. Karatun shekarar farko ta jami'a ne aka sauko da shi sakandare. Ana rubuta jarrabawar a watan Mayu, makin daga 1 ne zuwa 5. Jami'o'i da yawa in yaro ya ci 3, wasu kuma sai 4 ko 5, sukan ɗauke masa wannan kwas ɗin, ka ga an rage maka kuɗin makaranta ke nan. To a fannin siyasa darussan AP biyu ne. Ɗaya gwamnatin Amurka ce zalla: kundin tsarin mulki, majalisa, kotun ƙoli da hukunce-hukuncenta, irin na 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙen fata da na farare. Ɗayan kuma kwatanta gwamnatoci ne, na ƙasashe shida: Birtaniya, Rasha, Sin, Iran, Meziko da Najeriya.

Eh, Najeriya. A duk Afirka ita kaɗai ce a cikin jerin. Yaron da kakanninsa suka zo daga Italiya, yana zaune a Brooklyn, yana haddace cewa muna da jihohi 36, da sanatoci 109, da 'yan majalisar wakilai 360. Ranar da 'yata ta nuna mini takardar darasin, wallahi na ji daɗi har cikin raina. Darasin nan na biyu, na kwatanta gwamnatoci, shi ta ɗauka.

Da karatu ya yi nisa sai ta fara dawowa gida jiki a sanyaye. Ta ce, "Abba, na san abin, amma in na rubuta sai malama ta ce ban amsa tambayar ba." Ku kula da wannan magana, ita ce zuciyar matsalar. Jarrabawar kashi biyu ce, kowanne rabin maki. Akwai tambayoyi 55 na zaɓi-ɗaya cikin awa ɗaya, sannan tambayoyi huɗu na rubutu cikin awa ɗaya da rabi. A cikin huɗun nan akwai wadda za a ba yaro jadawali ko zanen alƙaluma ya karanta, akwai wadda zai kwatanta ƙasashe biyu, akwai ta ƙarshe wadda zai ɗauki matsaya ya kare ta da hujja. Yaron da ya iya hadda zai tsallake kashin farko. Na biyun hannu yake so, sai an rubuta, an gyara, an sake rubutawa.

Sai na shiga nema. Akwai dandalin intanet da malamai ke tallata kansu, kowa da hotonsa da kuɗinsa na awa ɗaya. Waɗanda na yi magana da su, wani ya ce dala 40, wani ya haura 100. Mafi yawansu sun rubuta cewa suna koyar da darasin gwamnati na AP, amma in ka matsa da tambaya sai ka ga na Amurka suke nufi. Akwai wanda muka yi waya da shi, mutum mai ladabi, ya iya magana. Na ce masa, malam, ƙasashe shidan nan wace ce ka fi jin daɗin koyarwa? Sai ya ce Faransa. Faransa kuwa ba ta cikin darasin. Na yi masa godiya muka rabu lafiya. Don haka tambayar farko ke nan, kafin a yi maganar kuɗi: lissafo mini ƙasashen. Ta biyu: yaya ake raba maki a tambayar kare matsaya? Wanda ya san aikin zai gaya maka nan take cewa ana duba matsayar, da hujjojin da aka kawo daga ƙasashen, da yadda aka ɗaure hujja da matsaya, da yadda yaro ya amsa wa mai ra'ayi saɓanin nasa. In ya fara kame-kame, kada ka ba shi ɗanka.

Akwai kuma wani nau'in malami, wannan namu ne na gida, kuma a kansa nake so mu yi wa juna gaskiya. A masallatanmu na Bronx ba a rasa mai ilimin siyasa, wani har da digiri daga gida, wani ya koyar da darasin Gwamnati na jarrabawar WAEC shekara da shekaru. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce in kawo masa yarinyar, ba ya son ko sisi. Allah ya saka masa da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Na zauna tare da su. Ana fara maganar hukumar zaɓe ta INEC, sai hira ta koma wa ya yi maguɗi a wace shekara, wace jam'iyya ce ta ci amanar Arewa. Da aka zo kan Iran, sai ta koma maganar aƙida. Yarinya ta fito da kai cike, littafinta kuwa ba layi ɗaya.

Ni ba na so a cusa wa 'yata jam'iyya, ko tawa ce. Kuma masu duba jarrabawar ba su tambayi yaro ko yana son Iran ko yana ƙinta ba. Abin da suke so ya sani shi ne, a can akwai majalisar mutum 12 da ke tantance duk mai son tsayawa takara, shida malaman addini ne da jagoran ƙasar ke naɗawa, shida masana shari'a ne da majalisar dokoki ke amincewa da su, sannan ya bayyana yadda hakan ke taƙaita wa mai jefa ƙuri'a zaɓinsa. Shi ke nan. Ra'ayi yana da wurinsa, a tabarmar gida ne bayan sallar isha'i, ba a awar da uba ya biya da guminsa ba.

Wadda muka samu daga ƙarshe, ta hannun malamar ajinsu muka same ta. Ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin siyasa a wata jami'ar birnin nan, ita ma ta rubuta wannan jarrabawar lokacin tana sakandare. Ba 'yar Najeriya ba ce, ba ta taɓa taka Afirka ba. A zaman farko ba ta yi lacca ba. Ta ɗauko tsohuwar tambaya, ta ajiye agogo, ta ce 'yata ta rubuta. Da ta gama, suka ɗauko ma'aunin makin da College Board ta fitar na wannan tambayar, suka bi shi layi-layi. Nan aka gano ciwon: in tambaya ta ce a bayyana dalili, 'yata sai ta siffanta abin ta tsaya, ba ta kai ga "saboda haka" ba. Maki na tafiya a wurin da ba ta ma san akwai rami ba.

Bari in ba ku misalin da ya fi daɗaɗa mini. Suna kan yadda ake zaɓen shugaban ƙasa. A Najeriya bai isa ka fi kowa ƙuri'a ba, sai ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Da dare 'yata ta tambaye ni, Abba, me ya sa aka yi haka? Sai na ba ta labarin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu, don shi ɗan PRP ne na Malam Aminu Kano. A zaɓen 1979 jihohi 19 ne. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a wajen kashi 20 cikin ɗari. To nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Awolowo ya ce 13 ne, ya tafi kotu. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta sha uku. Kotun ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979. Ƙuri'un Kano ne aka yi ta lissafi a kansu.

Yarinyar ta kai wa malamarta wannan labari tana murna. Malamar ta ce labari ne mai kyau ƙwarai, amma tukuna bai zama amsa ba, me yake tabbatarwa? Suka zauna har suka fitar da shi: an kafa dokar ne don tilasta wa ɗan takara neman goyon baya a wajen yankinsa da ƙabilarsa, a ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a 1970. Sai suka ajiye ta kusa da Meziko, inda wanda ya fi ƙuri'a ya ci ko da bai kai rabi ba, kuma wa'adi ɗaya ne na shekara shida, ba tazarce. Suka ƙara da Rasha da Iran, inda doka ta ce sai an haura rabi, in ba haka ba a je zagaye na biyu. Kun ga ni na kawo kayan miya, ita ta koya mata girki. Haka suka yi da maganar mai: yadda gwamnatin da ke samun kuɗinta daga rijiyar mai, ba daga harajin jama'a ba, take rage jin nauyin talakawanta, da yadda wannan ya haɗa Najeriya da Iran da Rasha. Don haka iyaye, kada ku raina abin da kuka sani. Ku ba yaranku labarin 2015, ranar da Jonathan ya kira Buhari ya amince da faɗuwa, karon farko da shugaba mai ci ya sha kaye a zaɓe a ƙasarmu. Hujja ce da za su iya rubutawa.

Maganar kuɗi kuma. Ni tasi nake tuƙawa, na san yadda dala ke shigowa. Kafin ka biya kowa, ka cinye na kyauta tukuna. Malaman makaranta da yawa suna tsayawa bayan an tashi don taimaka wa ɗalibai, yaranmu ne kunya ke hana su zuwa, sai ka tura su. Tsofaffin tambayoyin rubutu, da ma'aunin maki, da amsoshin ɗalibai na gaske duk College Board ta ajiye su a intanet ba ko kwabo. Katin laburaren birnin nan ma yana buɗe wa yaro malamin taimako ta intanet kyauta. In an gwada waɗannan har yanzu rubutun bai miƙe ba, sai a nemi malami. Mu mun haɗa kai da maƙwabcina, Bahaushen zangon Kumasi ne, 'yarsa na aji ɗaya da tawa. Muka raba kuɗin biyu, sau ɗaya a mako. Wani amfanin da ban yi tsammani ba, yaran suna musanya takardu kowace ta duba wa 'yar uwarta da ma'aunin makin, kuma hakan ya buɗe musu ido sosai.

A laburare suke haɗuwa, a fili, kuma ina ba kowa shawarar haka, mace ce malamar ko namiji. Ka nemi lambar wani uba ko uwa da malamin ya taɓa koyar da ɗansu, ka kira ka ji daga bakinsu. Ka biya mako-mako, kada ka zuba kuɗin wata uku a dunƙule.

Sannan lokaci. Kada a jira sai Afrilu, lokacin kowa na neman malami, kuma mako huɗu ba ya gyara hannun rubutu. Rajistar jarrabawar ma tun kaka ake yin ta, wajen watan Nuwamba ake rufewa ga darasin da aka fara a farkon shekarar karatu. Kuɗinta kusan dala 100 ne, amma akwai ragi ga iyalin da samunsu bai da yawa. Ka je makarantar da kanka ka tambayi mai ba ɗalibai shawara, don wani yaron ba zai taɓa kawo maka takardar gida ba.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.