Gwajin ciwon suga a unguwa: yadda za a yi shi har ya ceci ido

Wannan lacca ce da wata ma'aikaciyar lafiyar ido ta gabatar wa matasa da mata 'yan sa-kai a Agege, Legas, a lokacin da suke shirin fita gwaji kyauta a masallatai da kasuwanni. An rubuto ta daga faifan da aka ɗauka, an rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamai, 'yan'uwa mata da matasa, sannunku da zuwa.

Zan fara da abin da nake so ya zauna muku kafin mu taɓa na'ura. Tsire yatsa shi ne mafi sauƙin aikin da za ku yi. Yaron da ya gama sakandare zai koye shi da hantsi ɗaya. Abin da ke hana makanta shi ne mutumin da kuka samu sugansa ya hau ya isa gaban likitan ido, a ɗiga masa magani a buɗe ƙwayar idon, a leƙa bayansa. Idan kun gwada mutum 300 a ƙofar masallaci, aka ɗauki hoto, aka watse, babu wanda ya kai asibiti, to kun tayar wa mutane hankali ne kawai.

Me ya haɗa suga da ido? A can bayan ido akwai wani siririn tantani da ake kira ratina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashin kai siranta. Suga idan ya daɗe da yawa a jini, shekara da shekaru, yana cinye bangon waɗannan jijiyoyi kamar yadda tsatsa ke cin bututun ruwa: wani wuri ya fara yoyo, wani wuri ya toshe. Idan yoyon ya taru a tsakiyar ratina, wurin da muke karatu da gane fuska da shi, sai wurin ya kumbura, rubutu ya fara karkacewa. Idan toshewa ce ta yi yawa, sai idon ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su kuma su fashe su zubar da jini cikin ido, ko su bar tabo ya janye ratinar daga mazauninta. Duk wannan yana faruwa ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba jan ido. Mutum zai iya zare allura da idonsa alhali ɓarna ta yi nisa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon suga yana da wannan matsala, kaɗan ko da yawa. Ban da ita, suga yana gaggauta yanar ido, yana kuma ƙara haɗarin hawan jinin ido. Yanar ido ana cire ta, gani ya dawo. Ratinar da ta mutu ba ta dawowa.

To, ga kayan aiki. Kowane teburi yana buƙatar na'urar gwajin suga da 'yan sandunan gwajinta, waɗanda kuke kira sitirif, kuma dole su zama na kamfani ɗaya da samfuri ɗaya. Sai allurar tsire yatsa mai amfani sau ɗaya, safar hannu, auduga, ruwa da sabulu, kwalin zuba allura mai launin rawaya, na'urar awon hawan jini, tef ɗin tela na auna ƙugu, rajista, da takardun turawa asibiti. Ku ajiye suga ko lemon kwalba a gefe saboda wanda nasa zai faɗi. Sannan kada ku fita sai da ma'aikacin jinya ko likita mai lasisi aƙalla ɗaya. Ɗan sa-kai yana gwaji yana rubutawa. Ba ya cewa wane kana da ciwon suga, ba ya rubuta magani.

Maganar allura ba ta da sassauci. Mutum ɗaya, allura ɗaya, ta faɗa kwali nan take. Wannan alƙalamin da ke zuwa cikin jakar na'ura, wanda ake sa wa allura a danna, na mutum ɗaya ne a gidansa. Ko an canza allurar, jini yana maƙalewa a bakinsa, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da rai a busasshen jini. Kwalin idan ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe shi, a miƙa wa cibiyar lafiya ta kusa, su ke da hanyar da hukumar LAWMA ke kwashe sharar asibiti. Kada ya je bola, yaran da ke tsintar roba su taka.

Sitirif kuma ba ya son Legas. Zafi da damshi suna lalata shi. Kada a bar shi a cikin mota ko a teburin da rana ke duka, a ciro ɗaya a mayar da murfi nan take, a duba ranar ƙarewar aikinsa tun a wurin saye. Sannan ku duba irin lissafin da na'urarku take yi, domin iri biyu ne. Wata tana rubuta mg/dL, wata mmol/L. Bakwai a ta biyun daidai yake da 126 a ta farkon. Ninkawa ake yi da 18. Idan aka haɗa na'urori iri biyu a taro ɗaya, mai rubutu ya ga 14 ya ce ai ƙasa yake, alhali 252 ne. Ku yi amfani da iri ɗaya, ku rubuta ma'aunin a saman kowane shafi.

Yanzu yadda ake yi. Mutum ya wanke hannu da sabulu ya bushe sarai. Wannan ba don tsabta kaɗai ba ne. Mai sayar da kankana ko abarba a kasuwar Mile 12, ko mai shayin da ya wuni yana ɗibar suga, idan kuka tsire shi bai wanke hannu ba na'ura za ta karanta sugan da ke kan fatarsa, ta ba ku lamba mai firgitarwa. In sifirit kuka goga, ku jira ya bushe. A tsire gefen yatsan tsakiya ko na kusa da ƙarami, ba tsakiyar tsokar ba, can ya fi zafi. Kada a matse yatsa da ƙarfi, domin ruwan jiki zai gauraya da jinin ya ɓata lambar. Masu dako da mahauta fatar hannunsu tana da kauri, sai a sa su sauke hannu ƙasa su murza shi kaɗan kafin a tsire. Kafin duk wannan kuma a tambaya: Baba, yaushe rabonka da abinci ko shayi? A rubuta amsar kusa da lambar, don lamba ba tare da wannan ba ba ta da ma'ana.

Wanda ya kwana awa takwas bai ci komai ba sai ruwa, ƙasa da 100 a ma'aunin mg/dL lafiya ne. Daga 100 zuwa 125 yana bakin gaɓa. Daga 126 zuwa sama a tura shi asibiti a tabbatar. Wanda ya ci abinci, 200 zuwa sama a tura shi, musamman in yana yawan fitsari da ƙishirwa da ramewa. Tsakanin 140 da 199 ku ce ya dawo da safe bai karya ba. Shi ya sa gwajin bayan sallar asuba ya fi na bayan Juma'a amfani, ko da yake na Juma'a ya fi tara jama'a. Ni a ganina ku yi duka biyun: Juma'a ku tara, Asabar da asuba ku maimaita wa waɗanda lambarsu ta ja hankali. Idan na'ura ta rubuta HI, wato suga ya wuce abin da take iya karantawa, ko lamba ta haura 300 mutum yana amai ko magagi ko numfashi sama-sama, wannan ba na takarda ba ne, a sa shi a mota a yi asibiti. Idan ta yi ƙasa da 70 yana rawar jiki da gumi, a ba shi cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa ko rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

A asibiti ƙila su yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama ciwon suga ne. Sai dai mai sikila ko mai ƙarancin jini ya faɗa wa likita, don gwajin yana iya yaudara a kansu.

Ku auna hawan jini ga kowa, bayan ya zauna minti biyar, hannu a kan teburi, ba ya magana. 140 bisa 90 zuwa sama a maimaita, in ya tsaya a tura. Hawan jini da suga idan suka haɗu, ido da ƙoda ne ke biyan bashin. Ƙugu kuma, namiji daga santimita 94, mace daga 80, alama ce ta haɗari. Mata su auna mata, a bayan labule. A gaskiya in ba ku ware wa mata wuri da lokaci ba, ko ku bi ta makarantun Islamiyya, rajistarku za ta cika da maza zalla.

Mu dawo ido. Duk wanda aka tabbatar yana da nau'in ciwon suga na manya, wato na biyu, a duba bayan idonsa tun lokacin da aka gano, domin galibi ciwon ya yi shekaru a jiki kafin a sani. Bayan haka sau ɗaya a shekara, sai in likita ya ce a matso. Mai nau'i na ɗaya, wanda galibi ke kama yara da matasa, a duba shi cikin shekara biyar da ganowa. Mace mai ciwon suga da ta samu ciki a duba ta a watanni ukun farko, don ciki yana hanzarta matsalar. Kuna iya rataya allon harafin E a nisan mita shida ku gwada kowane ido daban, yana da amfani, amma wanda ya karanta layin ƙasa ma sai an tura shi. Kuma shagon gilashi ba asibitin ido ba ne. Ku koya wa mutum ya tambaya: an ɗiga mini magani an duba bayan idon? Ku gaya masa tun a gida cewa maganin zai sa gani ya yi hazo na wasu awanni, haske ya dame shi, don haka kada ya tuƙa mota ko babur ko Keke, ya tafi da ɗan rakiya. Da yawa suna ƙin komawa saboda sun ɗauka maganin ne ya ɓata musu ido.

Wuraren zuwa muna da su: asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba yana da cibiyar ido ta Guinness, akwai asibitin koyarwa na jihar Legas, LASUTH, a Ikeja, ga kuma manyan asibitocin gwamnati irin na Orile Agege da za su iya tabbatar da ciwon su tura gaba. Wakilinku ya je tun kafin ranar gwaji ya san ranar da ake ganin masu ido, kuɗin kati, da ƙarfe nawa ake rufe karɓa. Kun san halin garin nan: ɗan kasuwa in ya ɓata wuni a gosulo aka ce ya dawo jibi, ba zai dawo ba. Ku haɗa waɗanda kuka tura biyar-biyar ko shida-shida, da ɗan sa-kai mai jin Turanci ko Yarabanci ya yi musu tafinta. Kowane ɗan sa-kai ya riƙe sunaye goma kacal, ya kira bayan mako ɗaya, ya sake kira bayan wata. A rajista a ware gurbi uku: ya je an tabbatar, ya fara magani, an duba ido. Da waɗannan gurabe za ku auna aikinku. Mutanenmu kuma matafiya ne, yau Legas, da damina Katsina ko Maraɗi, saboda haka a ba kowa kati da lambobinsa a rubuce ya tafi da shi. Rajistar amana ce, ba a karanta lambar mutum da ƙarfi, ba a sa ta a WhatsApp.

Idan an samu ɓarna akwai magani: haske na leza da ake ƙona wuraren da suka lalace, allurar da ake yi cikin ido don sauke kumburi, wadda sau da yawa sai an maimaita wata-wata, da tiyata idan jini ya cika ido. Yawanci suna tsare ganin da ya rage ne, kuma allurar da tiyatar suna da tsada. Wanda ya ga baƙaƙen ɗigo ko zare-zare sun yawaita farat ɗaya, ko walƙiya, ko kamar labule ya rufe gefe, ya tafi a ranar.

Kan abinci ba zan daɗe ba. Kada ku ce wa mutum ya bar tuwo, ba zai bari ba. Ku ce rabin kwano ganye da miya, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama. Inda suga ke ɓuya shi ne abin sha: shayi da madarar gwangwani mai zaƙi da burodin Agege, zoɓo, kunun zaƙi, fura da aka zuba wa suga, lemon roba mai santilita 50 da ke ɗauke da sama da cokali goma na suga. Zuma da dabino ma suga ne a wurin jini. Tafiya mai ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako.

Hajiya a baya ta yi tambaya kan azumi. Hajiya, mai ciwon suga ya ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a gyara masa lokacin magani, musamman mai allurar insulin ko ƙwayar gilibenkilamaid, wadda ke iya faɗar da suga da rana. Idan ya gwada ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya azumi. Hukuncin kuma ga malamai nan a zaune, sun fi ni sani.

Malam kuma ya ce wani ya fara magani sai ganinsa ya ƙara hazo, ya bari. Wannan yana faruwa. Idan suga ya sauka, ruwan da ke cikin madubin ido yana sauyawa, gani ya rikice na 'yan makonni sannan ya daidaita. Kada ya yanki gilashi a wannan tsakanin, zai yi asarar kuɗi, kuma kada ya bar magani. Amma a kai shi a duba bayan idon, domin wanda ratinarsa ta riga ta taɓu, saukar suga da sauri na iya tayar da ita na wani lokaci. Kada kuma ya sayi maganin ɗigawa a kemis da kansa. Masu sinadarin sitiroyid suna ɗaga hawan jinin ido, kuma masu ture yana da tsinke a gida sun makantar da mutane da yawa.

Lokacin azahar ya gabato. Bayan salla masu teburin gwaji su zauna bibbiyu, kowa ya gwada ɗan'uwansa a gaban ma'aikatan jinya, masu rajista kuma su zo nan mu ja layukan gurabe ukun nan tare.